Ranar da Duna Ya Je Filin Idi

Akwai wata Laraba da har gobe ba za ta fita daga raina ba, saura kwana goma Babbar Sallah. Ku da kuka shigo aikin nan jiya-jiya kuna yi mini dariya idan kuka ga ina bin hotunan littafi da yatsa ɗaya bayan ɗaya. To, ku zauna ku ji dalili.

A lokacin ni ne babban editan sashen Hausa a wani ƙaramin kamfanin buga littattafai da ke Garki. Sunan ne dai babba, don sashen gaba ɗaya ni ne. Oganmu, mai kamfanin, mutumin kudu ne da ya tsinci Hausarsa a kasuwa. Shi ya kawo shawarar a yi wa yara littafin hotuna mai waƙe, na wani baƙin kare mai suna Duna da abokansa, kowane shafi suna murnar wani biki: Kirsimeti, sabuwar shekara, ranar 'yancin kai, ranar yara, sai Sallah. Wasu makarantu sun riga sun ce suna so idan an dawo hutu. Ni aka ba rubuta baitocin, zanen kuma aka ba Rifkatu.

Rifkatu 'yar Filato ce, daga Kuje take zuwa kullum, kuma wata biyu kacal ta yi da mu. Ƙa'idar kamfanin, sabon ma'aikaci sai ya yi wata uku na gwaji kafin a ba shi takardar zama. Wannan ne littafinta na farko, da shi za a auna ta. Hannunta kuwa, tubarkalla. Idan ta zana kare sai ka rantse zai yi haushi.

Ga yadda aikin yake tafiya. Edita ya rubuta, mai zane ta zana, a haɗa a kwamfuta a fitar da samfuri. Edita ya duba samfurin shafi-shafi ya sa hannu. Daga nan sai maɗaba'a, inda ake yin filet, wato farantin ƙarfen da inji ke bugawa da shi. Sa hannun edita na nufin ya ga komai kuma ya yarda. Ni kuwa ranar da aka kawo samfurin ina sauri in je duba rago. Na bi baitocina, na gyara waƙafi biyu, na rattaba hannu. Hotunan ko kallon kirki ban yi musu ba.

Ranar Larabar sai ga waya daga Malam Garba, mai kula da inji a maɗaba'ar, dattijo marar son hayaniya.

Ya ce, "Malam Hamisu, sa hannunka ne a kan samfurin nan?"

Na ce nawa ne.

Ya ce, "To ni dai ba zan yi filet ɗin shafi na sha huɗu ba. Zo ka gani da idonka."

Na je. Na buɗe shafin. Baitina na nan a ƙasa, ni da kaina na rubuta:

Ranar Sallah Duna ya yi wanka,
Ya sa sabuwar riga, ya ce ina taka?

A sama kuwa ga Duna cikin babbar riga fara sol, da hula a tsakanin kunnuwa, ya miƙe a kan darduma a filin Idi, cikin sahu, abokansa na gefe. Zanen ya yi kyau, shi ya sa ma ya fi ba ni tsoro. Kun san yadda muka ɗauki kare da wurin sallah. Da littafin nan ya shiga makarantu, ba a Garki kaɗai za a ji labarinmu ba.

Da na kai wa oga, ya kalli hoton ya ce, "Ina matsala? Kare ya yi kyau." Na yi masa bayani. Fuskarsa ta sauya, ya sa aka kira Rifkatu.

Ya ce, "Wannan yarinya zai rufe mini kamfani. Ƙarshen wata ki tattara kayanki."

Rifkatu ta tsaya tana murza yatsu. Ta ce, "Oga, Malam ya rubuta ya sa sabuwar riga. Na tambayi maƙwabciyata ina ake zuwa bayan an yi kwalliyar Sallah, ta ce filin Idi. A gidanmu kare har ɗaki yake kwana. Ban san laifi ba ne."

Ba zan ɓoye muku ba, raina ya ce in yi shiru. Ba wanda ya ambaci sa hannuna. Amma ga yarinya za ta rasa abincinta a kan rigar da ni na ɗinka wa kare. Kunya ta kama ni.

Na ce, "Oga, rashin sani ya fi dare duhu, ita ba ta sani ba. Ni na sani, kuma ni na sa hannu ban duba ba. In kora ce, da ni za a fara."

Ya harare ni. Sannan ya ce mu cire shafin Sallah kawai. Na ce a'a, yaranmu za su ga bikin kowa ban da nasu. Ya ba mu zuwa Juma'a. In shafin ya gyaru Rifkatu ta zauna, in bai gyaru ba maganarsa na nan.

Matsalar ita ce ni kaina ban san me kare ke yi ranar Sallah ba. Shekara hamsin ina korar karnuka, ban taɓa tsayawa na kalle su ba. Sai na tuna ban gama cinikin ragona ba. Washegari da safe na ce wa Rifkatu ta ɗauko takardar zanenta, muka nufi kasuwar dabbobi ta Dei-Dei.

Dillalina, Alhaji Buba, yana da wani jan kare da ke gadin garkensa. Na tambaye shi, "Alhaji, don Allah karen nan naka, me yake yi ranar Sallah?"

Ya kalle ni kamar na sha wani abu, sannan ya fashe da dariya. Ya ce, "Malam, ai layya ba wanda ya kai kare morar ta. Kai ka sayi rago, ka yi fiɗa, ka raba wa dangi. Shi yana bakin ƙofa yana kaɗa wutsiya, ƙashi na zuwar masa har inda yake. Kwana uku ko haushi ba ya iya yi don ƙoshi."

Kafin ya rufe baki Rifkatu ta tsuguna tana zane. Ni kuma a bayan takardar rasit na rubuta:

Ranar layya Duna na bakin ƙofa,
Yana kaɗa wutsiya, yana taka ƙafa.
Kowa na cin nama, shi ko ƙashi ya samu,
Ya ce, wannan Sallah ai tamu ce, tamu.

Ranar Juma'a muka nuna wa oga sabon shafi, muka kai maɗaba'a. Yara ne suka yi kwalliya, hayaƙin suya na tashi daga cikin gida, Duna na waje da ƙashin da ya fi kansa girma. Malam Garba ya daɗe yana kallo, ya ce, "Yauwa, wannan karen na san shi." Ya yi filet. Ƙarshen wata Rifkatu ta karɓi takardarta. Ni kuma oga ya ba ni takardar gargaɗi, na karɓa hannu biyu.

Abin da na koya, sa hannu shaida ce, kada ka ba da ita a kan abin da ba ka gani ba. Na kuma gane cewa a garin nan abin da kake ɗauka kowa ya sani, wanda ke teburin kusa da kai wataƙila bai taɓa ji ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Rifkatu ce shugabar sashen zane yanzu, ita ke duba aikinku. Har yau duk Babbar Sallah takan zo gidana karɓar rabonta. Leda biyu nake ajiye mata, ɗaya ta nama, ɗaya ta ƙashi don karenta. Ta ƙashin take fara ɗauka.