Inda Malam Ya Nuna

A kwalejin, Uwar Tagwaye ake ce mata, alhali ɗanta ɗaya tal. Tagwayen nata taurari ne guda biyu, manya, masu kewaya juna a can nesa. Kowannensu yana feso iska mai zafi, kuma in suka matso kusa, iskokin su yi karo, wani haske mai ƙarfi ya tashi, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Ido ba ya ganinsa, sai na'urar da ke kan tauraron ɗan'adam. Matsowar kuwa sai an yi shekaru ake samunta.

A kan wannan karon na iskokin take son kammala digirinta na ƙarshe. Ofishinta a ƙarƙashin matakala yake, da fanka mai kuka da kujera mai ƙafa uku da rabi. Ɗaliban da ta koyar sun dawo sun zama shugabanninta, ita tana nan tana jiran taurari. Abin yana ci mata rai ƙwarai.

Mijinta, direban motar haya, yakan ce, "Ni fa ban taɓa ganin mai jiran haɗari da ɗoki irinki ba. Mu gudunsa muke yi."

"Ka tuƙa motarka, Baban Yaro, ka bar ni da nawa."

Da ƙyar da jiɓin goshi aka ba ta dama guda: masu na'urar za su juya ta inda ta ce, a daidai lokacin karon. Ta je wurin Malam, tsohon malaminta da ya yi ritaya, wanda ya fara nuna mata taurarin. Ya lumshe ido ya karanto mata lambobin mazauninsu da ka. A sashensu kuwa, in Malam ya faɗi lamba ba a dubawa. Dubawar ma rashin kunya ce. Ta aika yadda ya faɗa.

Sakamakon ya zo da hantsi, tana tsakiyar gyaran jarrabawa. Ta buɗe kwamfuta, ta ga fili fetal, ko ɗigo babu. Sai da ta bi lambobin ɗaya bayan ɗaya ta gane. Duniya tana layi a hankali kamar katantanwar yara, shi ya sa ake sabunta taswirar sama. Malam lambobin tsohuwar taswira ya haddace, na'urar kuwa da sabuwa take aiki. Gefen taurarin aka kalla. Minti kaɗan na dubawa da ya raba ta da wannan baƙin cikin.

Ta nufi gidansa ranta a ɓace, ta shirya maganganu tun daga hanya. Ta same shi a kishingiɗe, ƙafafu a kumbure, kwalaben magani jere a gefen gado. Yana ganinta ya yunƙura ya zauna.

"'Yata, yaya? Sun haɗu?"

Ta ajiye duk abin da ta shirya faɗa.

"Sun haɗu, Malam. Mu ne muka kalli wani wurin."

Ya daɗe yana motsa leɓe, yana bin lambobin a ransa. Can ya ɗago.

"Kuma ba ki duba ba?"

"Ku ne fa kuka faɗa, Malam."

"Ashe ban koya miki komai ba," in ji shi, ya juya fuskarsa bango.