Tanti Zina, Wadda Ta Fito da Muryar Ƙanwata

Duk wanda ke zaune bene ɗaya da Tanti Zina a unguwar Minguettes, gefen Lyon, ba ya bukatar agogo. Da gari ya waye za ta buɗe taga, ta dafa ƙugu, ta fara wasa murya, "Ma, me, mi, mo, mu!", tun daga ƙasan ciki har ƙoli, tantabarun kan rufi su watse. Maƙwabta sun yi ƙorafi har sun gaji. Yanzu ranar da ba su ji ta ba, hawowa suke yi su ƙwanƙwasa ƙofa su ga ko lafiya. In ta gama wasa muryar, sai baƙin shayi a kofin gilashi. Sai jan baki, wanda ba ta fita babu shi ko da shara za ta zubar. Ta yafa gyale ta gangara cibiyar unguwa, inda take koya wa mata yadda mutum zai tsaya gaban jama'a ya buɗe baki a ji shi.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aikin, gwiwoyi sun ƙi. Shi ya sa na ce bari in yi mata jinjina tun tana ji da kunnenta.

Cikakken sunanta Zinaida Fedotovna Kargina. Matanmu suka ce wannan ai jawabi ne, suka datse shi. An haife ta a wani gari a bakin kogin Volga, uwarta na ɗinka wa 'yan wasan kwaikwayon garin tufafi, don haka a bayan labule ta yi rarrafe. Ta girma ta hau dandamalin da kanta. Ta fito a budurwa, ta fito a matar janar, ta fito a gwauruwa mai masifa, kuma ta ce wannan ta fi yi mata daɗi. A finafinai ita ce maƙwabciya, ita ce nas, ita ce uwar da ke ɗaga hannu a tashar jirgin ƙasa. Da Tarayyar Sobiyet ta wargaje, gidan wasansu ya kasa ko ɗumama zaure, sai ta biyo wata ƙungiyar 'yan wasa zuwa Paris. Ƙungiyar ta koma, ita ta zauna.

Paris ba ta yi mata adalci ba, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Shekaru ta yi a wani ɗan ɗaki a Belleville tana jiran waya. In wayar ta zo, ko dai 'yar aikin gida mai karyayyen harshe, ko gwaggon ɗan leƙen asiri, magana biyu ta fice daga hoton. Da ta gaji ta tattara ta koma Lyon.

Ni a Montreuil nake, gefen Paris, ƙanwata Zouera ce ta haɗa mu. Zouera ta zo daga Zinder karatun ungozoma, ta sauka a Lyon gidan Hajiya Maimouna, aminiyar mahaifiyarmu, mutuniyar Maraɗi. A rubutu ba a kama ta. A aikin hannu ma haka. Amma akwai jarrabawar baki, inda ɗaliba ke tsayawa gaban manyan likitoci suna tambaya tana amsawa, kuma mu a gidanmu ba a kallon babba cikin ido, ba a ɗaga masa murya. Zouera ta shiga ta sunkuyar da kai, ta yi ta amsa wa takalmanta. Su kuwa a wurinsu mai sunkuyar da kai bai san abin da yake faɗa ba. Ta faɗi. Aka ba ta dama ta ƙarshe. In ta sake faɗuwa, tallafin karatu ya yanke, katin zama ya ƙare, sai Zinder hannu rabbana. Mahaifiyarmu kuma ta riga ta shaida wa unguwannin Birni da Zango cewa ɗiyarta ungozomar Faransa ce.

Hajiya ce ta ja ta zuwa wurin Tanti Zina, kuma ranar farko da faɗa aka tashi.

"Kalle ni!" in ji Tanti. Zouera ta ƙara duƙar da kai.

Hajiya ta ce, "Madam, mu hwa ba mu kallon manya cikin ido. In ta kalle ki, to ba ta da tarbiyya ke nan. Mi kike so mu ce ma uwarta?"

Da wata malamar ce, da ta ce su je su gyara al'adarsu su dawo. Tanti gayyatar kanta ta yi cin tuwo. Ta zauna a falon Hajiya tana kallo, yadda take kallon mutum in za ta kwaikwaye shi. Ta ga Zouera ta durƙusa ta miƙa wa maigidan ruwa, muryarta kamar ta sauro. Can kuma ta jiyo wata murya daga kicin tana tsaga bango. Zouera ce a waya, da ni take rigima a kan wani zane da ta ce na ɗauke mata. Tanti ta ajiye cokali ta ce, "Ashe akwai muryar. A kicin take ajiye ta."

Kashegari ta ce mata, "Mu a dandamali ba ma kallon idon kowa, fitila ma ba ta bari. Ki kalli goshinsu, su za su ɗauka idonsu kike kallo. Kunyarki taki ce, ba zan taɓa ta ba. Amma muryar ta mai naƙuda ce, ki ba ta abinta."

Watanni suka yi a kai. Ta kwantar da ita a ƙasa ta ɗora mata littattafai a ciki, ta ce numfashi ya ɗaga su. Ta sa ta kiran sunayen magunguna daga wannan gefen filin ajiye motoci zuwa wancan. Inès, shugabar cibiyar, ta ce akwai ranar da ta rugo a guje don ta ji ihu, sai ta tarar da tsohuwa ta haura saba'in kwance kan tebur tana naƙuda da Rashanci, Zouera a kanta tana ba da umarni da ƙarfi don a ji ta.

Inès ɗin ce kuma ta ba ni sauran labarin. Ana gab da jarrabawa aka kira Tanti daga Paris. Wani mai shirya fim ya gan ta a wani tsohon fim, yana neman tsohuwa 'yar Rasha, ya ce ta zo gwaji. Ranar ta faɗo daidai da ta Zouera. Tanti ta rina gashi, ta goge rigarta mai kyau, ta ce yarinyar ai ta shirya, ba ta bukatar kowa.

Da safen ranar Zouera ta kulle kanta a ɗaki. Tanti na tashar jirgin ƙasa ta Part-Dieu da akwatinta Hajiya ta kira ta.

"Allô, Madam, ɗiyarki ta ƙi hita. Ta ce c'est fini, shi ke nan, gida za ta tahi."

Tanti ta juyo. Ba ta buga ƙofa ba, ba ta yi lallashi ba. Ta kwantar da akwatin a bakin ɗakin ta ce, "A ƙasarmu ba a kama hanya sai kowa ya zauna ya yi shiru na ɗan lokaci. Ni na zauna. In kin ga dama ki fito mu zauna tare." Aka jima, ƙofa ta buɗe. Suka zauna kan akwati ɗaya. Sai Tanti ta bugi gwiwa ta ce, "Tashi." Ta raka ta har bakin zauren jarrabawar, ta zauna a baranda da akwatinta. Ƙofar a rufe take, amma ta ji kowace amsa.

Zouera ta ci. Yau ungozoma ce a Lyon, kuma an ce in ta ce "Yunƙura!" har ta ɗakin gaba yunƙurawa take yi.

Mai fim bai jira ba, ya ɗauki wata. Da na yi wa Tanti jaje, hannu ta kaɗa. "Tsohuwa ce da ke mutuwa tun mutane ba su gama zama a kujera ba. Na mutu da yawa, ya isa." Na yarda, har na yi dariya. Bana fim ɗin ya fito, na shiga silima a Paris na kalla. Tsohuwar ba ta mutu ba. Ita ce a farko, ita ce a tsakiya, fuskarta aka rufe fim ɗin da ita. Aka kunna fitilu, kowa ya fita, ni ina zaune ina kuka har mai shara ya zo.

Ke ce uwar murya, Tanti Zina. Ke ce kika zo daga ƙasa mai nisa kika tarar da kunyarmu, ba ki yi mata dariya ba, ba ki ce mu yar da ita ba. Kin jira wannan waya tun kina Belleville, da ta zo kuma kika bar ta don ɗiyar wata mata da ba ki taɓa gani ba.

Mu 'yan uwa da ke Paris da Lyon, akwai likitoci cikinmu, akwai lauyoyi, akwai ma'aikatan jakadanci. Kowa na da abin da ya iya, kuma kowace shekara yaranmu na sauka a ƙasar nan ba su san ta inda za su kama ba. Mutum ya ware yamma ɗaya ya zauna da su, ba sai an yi taro an kafa ƙungiya ba.

Tanti, Allah ya saka miki da alheri, ya sassauta miki ciwon gwiwa. Zouera ba ta san abin da kika bari dominta ba, kin hana Inès gaya mata, to yau za ta karanta. Na kalli fim ɗin, Tanti. Mun gode.