Kwalbar madarar tsohuwar Ma'adi

Shekarun baya, ina karatu a Alƙahira, na samu ɗan aiki a unguwar Ma'adi: zama da wata tsohuwa 'yar ƙasar Ailan, wadda 'yarta ke koyarwa a can. Daga unguwar Ainu Shams nake hawo jirgin ƙasa na metro sau uku a mako. Hirarta kullum ɗaya ce: gonar mahaifinta, shanunsu shida, dankali, da ruwan saman da ba ya ɗaukewa.

Wata Laraba na tarar tana girgiza madara a kwalba don ta fitar da man shanu. Ko gaisuwata ba ta amsa ba, ta miƙo min.

"Girgiza sau uku, ki sa masa albarka."

A raina na ce: Me ya sa sai hannuna? Me ya sa sau uku? Na ce hannuna na ciwo. Ta yi min wani kallo, ta janye kwalbarta. Ranar man bai fito ba.

Ƙawata da na ba labari ta ce, "Khalas, shi ke nan, asiri ne. Bar aikin nan."

Ban bari ba, amma na daina shan shayinta. Da ayoyin tsari nake shiga gidan. Ita kuma ta daina hirar gona, da ta ji motsina sai ta rufe kwalbar da tsumma. Muka zauna mako uku kowa na satar kallon kowa.

Da 'yarta ta ce za ta sallame ni, na daure na tambayi laifina. Kunya ta kama ta.

"A ƙauyensu, duk wanda ya shigo ana kaɗa madara sai ya sa hannu, ko limamin coci ne. Wanda ya ƙi, shi ya zo ɗauke albarkar man. Mama ta ce ke kika ɗauke mata."

Ashe duk tsarin da nake nema, ni ce mayyar gidan.

Na shiga ɗakinta, na ɗauki kwalbar, na yi bismilla na girgiza har kafaɗata ta gaji. Da man ya taru ta riƙe hannuna tana hawaye. Ta ce rabon da wani ya taya ta tun rasuwar mahaifiyarta.

Har yau kunyar makonnin nan uku nake ji. Tsohuwa ta miƙo min abin da ya rage mata na gida, ni kuwa na ce hannuna na ciwo.