Kunnen Tobias Wren

Ni dai ban taɓa ganin acici irin maƙwabcina Tobias Wren ba. Ya gama bautar biyan kuɗin jirgin da ya kawo shi a gonar tabar Kyaftin Hollis, ya samu ɗan fili a bakin kogin James, ya auri Dorkas, ya tara aladu. Ba ya sata, ba ya faɗa. Cikinsa ne kawai ba ya jin magana.

Aladunmu a fadama suke yawo, kowa da irin tsagar da yake yi wa nasa a kunne. Doka ta ce duk wanda ya kawo alade gida babu kunne, ɓarawo ne, a kafa nasa kunnuwan da ƙusa a gungumen ƙofar coci. Yaro ma ya san wannan.

Ran nan Tobias ya yanka aladensa a fadama, yunwa ta taso masa, ya hura wuta ya gasa kunnuwan ya cinye tas. Ya saɓo sauran, yana fito da baki, ya bi ta ƙofar Kyaftin Hollis, wanda nasa aladen ya ɓata. Kyaftin ɗin kuwa shi ne alƙalinmu.

"Ina kunnuwan?" in ji Kyaftin.

"Ranka ya daɗe, suna nan tare da ni." Ya shafa tumbi.

"To fito da su."

Dorkas ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, mijina sakarai ne, amma ba ɓarawo ba ne." Duk muka shaida, musamman kan sakarcin. Bai hana komai ba.

An buga wa Tobias ƙusar kunnen hagu ke nan, sai ga aladen Kyaftin ya ɓullo daga maƙabarta, kunnuwansa cif, yana kiwo. Kyaftin ya yi gyaran murya ya ce kotu ta yafe kunnen dama. Ko haƙuri bai bayar ba, kuma har yau abin na ci mini rai. Wajen zare ƙusar, kunnen Tobias ya yage.

Dorkas ta duba yagar ta ce, "Maigida, daga yau irin wannan tsagar za mu riƙa yi wa aladunmu." Haka kuwa aka yi, muka yi shekaru muna tsokanarsa cewa kada ya ɓata a fadama.

Shekarar babbar ambaliya kwalekwalensa ya kife. Da ruwa ya dawo da gawarsa, ba mai iya gane fuskar. Dorkas ta tsuguna, ta kawar da gashin gefen hagu, ta daɗe tana shafa wurin.

Ta ce, "Nawa ne. Ku kai min shi gida."