Rakiyar Baturen Ruwa Daga Kura Zuwa Filin Jirgi

Ƙarar kujerar kwance ce mafarin komai: ƙiiƙ, ƙiiƙ. Tun da Baba, surukina, ya yi ritaya daga reluwe, a kanta yake yini. Ya rame, tuwo ma sai ya taɓa ya ture. Maigidana ya hana shi ko ɗaga fartanya, wai kada a ce mun kasa riƙe shi.

Kura. Bayan sallar asuba muka hau Landiroba. Maigidana direban ma'aikatar noman rani ne, zai kai Mista Walta, wanda ake kira Baturen Ruwa, da matarsa Madam Rut filin jirgi. Amurkawa ne, sun gama aikin wucin gadi a magudanan Kadawa. Ni aka ɗauka tafinta, Baba kuwa likita zai gani a birni.

Karfi. Muka tsaya sayen rake. Baba ya dubi furfurar Walta ya ce, "Hajara, tambaye shi, gida za shi ya huta ko?"

"A'a," in ji Walta. Wani tsibiri za su, Jamaika, can tekun Karibiyan, neman aikin 'yan watanni. Shi gyaran injin ban-ruwa, ita koyar da ɗinki.

"Ba su da 'ya'ya ne?"

Madam Rut ta ƙyalƙyale da dariya. "Har jikoki! Amma da ya yi ritaya na bar shi a kujera, saura kaɗan mu binne shi."

Na fassara duka, ban rage ba. Maigidana ya ƙura wa titi ido.

Na'ibawa. Ɗan sanda a shinge ya leƙo: "Baba, lafiya?" Baba ya ce, "Ita muke nema, yaro."

Filin jirgi. Wajen hantsi muka yi sallama. Na miƙa musu guzurin dakuwa, na yi musu addu'a. Walta ya buɗe jaka ya damƙa wa Baba babbar sifanarsa ta kwance noti, wai nauyi take masa. Baba ya juya ta a hannu ya ce, "Irin tamu ce ta reluwe."

Likita bai sami ciwon komai ba. A hanyar dawowa muka tsaya cin masa da miya a Na'ibawa, Baba ya nemi ƙari. Maigidana ya yi gyaran murya: "Baba, injin ban-ruwan maƙwabcinmu Alhaji ya daɗe a tsaye."

Mun iso gida da la'asar, alhamdu lillahi. Washegari ina shara na ji gidan tsit, babu ƙarar kujera. Sai 'yata Ladidi ta shigo da gudu.

"Umma, Kaka ya fita da sifanar Bature! Ya ce kujerar tawa ce, kuma a ajiye masa tuwo da yawa."