Ranar da Muka Sallama Gawarwakin Allunanmu

Ko zan manta da komai na samartakata a Kazaure, ba zan manta da ranar da wani baƙo ya zo neman matattun allunanmu ba. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci kamar jiya aka yi.

Allon da nake nufi ba na karatu ba ne. Dogon katako ne mai taya huɗu, mutum ya tsaya a kai ya biyo gangare. Kamfanin da ke yin sa yana can ƙasashen sanyi, asalin sana'arsa allon zamiya a kan ƙanƙara. Wannan mai tayar kuwa kamfanin ya yi shi ne don masu wasan ƙanƙara su riƙa motsa jiki idan ƙanƙara ta narke. Mu a gwanjo ya iso mana, ta hannun wani ɗan kasuwar Babura mai shigo da kaya daga Nijar. Ba mu da yawa: ni, da wani malamin makaranta, da 'yan acaɓa biyu, sai babbanmu, wani tela da muke kira Yaya. Duk Lahadi da safe muna wani gangare a hanyar Roni, muna abin da muka sa wa suna yanka. Ba gudu ne gwanintar ba. Ka kwanta dama har hannunka ya kusa shafar kwalta, allon ya yanko kwana, ka sake kwantawa hagu. Wallahi wanda bai taɓa yi ba, ba zai gane daɗin ba.

Sirrin allon yana ƙarƙashinsa, a wata 'yar roba da ke tsakanin ƙarfe da katako. Ita ke ba shi damar karkata ya dawo daidai. Zafin garinmu kuwa ba ya raga mata, tana tsagewa. Shi ya sa muka yi al'ada: allon da ya karye ba a yar da shi. Gawa muke ce masa, a jingine shi a bayan shagon Yaya, duk wanda robarsa ta mutu ya je ya ciro ta jikin gawa, ba sai ya nemi izinin kowa ba. Tarin gawarwakin nan shi ne ran wasanmu.

Sai ga mutumin nan wata ranar Lahadi, cikin farar shadda da mota mai kyau, ya tsaya yana kallonmu har muka gama. Ya ce daga Kano yake, zai buɗe gidan abinci, yana son tsofaffin alluna ya rataya a bango don ado. Ba ma saye zai yi ba, musanya zai yi mana: kowace gawa, sabon allo fil a leda. Ya buɗe bayan mota, ga su nan jajaye da shuɗaye suna ƙyalli. 'Yan acaɓar nan har da tafi.

Ni dai tun a nan hankalina bai kwanta ba. Da muka kai shi shagon Yaya na zuba masa ido. Mai neman ado ai fenti zai duba. Shi kuwa ko kallon saman katakon bai yi ba. Kowanne ya ɗauka sai ya kifa shi, ya danna robar da babban yatsa, ya ɗan murɗa ƙarfen. Haka mu ma muke yi.

Na ce, "Alhaji, kai ma kana hawa ne?"

Ya yi dariya. "Ni? Haba samari, da wannan tumbin?"

Amma da ya naɗe hannun riga na ga tabo a gwiwar hannunsa, irin shafaffen tabon nan da kwalta ke bari. Duk cikinmu babu wanda ba shi da irinsa.

Na ja Yaya gefe na ce, "Yaya, mutumin nan ƙarya yake. Robar yake so. Don Allah a dakata zuwa mako mai zuwa, mu bincika."

Yaya ya harare ni. "Kai dai ka cika zargi. Ko ruwa aka ba ka sai ka shinshina. Mutum ya taso tun daga Kano, ya zauna a shagona, ya sha furata, in ce masa me? Roba kuma, gwanjo ya taɓa yankewa ne?"

"To in ya yanke fa?"

Malamin makarantar ya sa baki yana dariya: "Ku ƙyale shi, ɗan sandan ciki ne ba albashi."

Raina ya yi mugun ɓaci, amma Yaya ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma a gaban baƙo ba a ja-in-ja da babba. Ina ji ina gani ya koma ya miƙa wa mutumin hannu ya ce, "Mun sallama, Allah ya sa albarka." Kowa ya san in an faɗi wannan kalma a ciniki an gama, ko daga baya ka gane an cuce ka, sai dai ka haɗiye. Aka kwashe gawarwakin tas, har wata guntuwa da ɓera ya ci gefenta bai bari ba.

Lahadin da ta biyo muka gwada sababbin. Kayan wasan yara ne kawai. Ka kwanta dama, allon ya miƙe abinsa. Ɗaya daga cikin 'yan acaɓar ya ƙare a cikin gonar gero, ya fito yana tsine wa fenti. Muka koma kan tsofaffinmu, muna jiran gwanjo.

Gwanjo bai zo ba. Na je Babura da kaina, ɗan kasuwar ya ce rabon da ya ga irin allon a dila ya manta, ko a Nijar ana ta tambaya. Malamin makarantar ne ya binciko a waya, ya zo ya karanta mana. Ashe kamfanin ya karye tun kafin baƙon ya zo, an rufe masana'antar, babu mai yin robar kuma. Masu yanka a kan ƙanƙara da masu yi a kwalta, duk duniya, suna ta farautar ragowar kayansa, tsoho ko sabo. Wato abin da muka jingine a bayan shago muna kira gawa, shi wasu ke nema ido rufe.

Daga nan wasan ya fara mutuwa a hannunmu. Robar malamin ce ta fara tsagewa, sai ta 'yan acaɓa. Mun kai wa mai faci ya yanko mana daga tsohuwar tayar mota, ta yi tauri kamar dutse. Mun gwada ta silifa, ta lotse tun kwanar farko. Ranar da ta Yaya ta rabe biyu, ya zauna a bakin titi ya daɗe yana juya allon. Na so in ce ai na faɗa, amma da na ga fuskarsa sai na kasa.

Kuma wai don rashin kunya mutumin ya dawo bayan damina, wannan karon rayayyun yake so. Yaya bai ko ba shi wurin zama ba. Ya tsayar da keken ɗinki ya ce, "Alhaji, tsakaninka da Allah, ranar da ka zo ka san kamfanin ya karye?"

Ya ce, "Na sani."

"Ka sha furata, ka yi shiru?"

"Malam, ai ba ku tambaye ni ba."

Yaya ya nuna masa hanya, ya ci gaba da ɗinkinsa. Nawa ne kaɗai allon da ya rage da rai, muka riƙa karɓa-karɓa a kansa, har shi ma ya bi sahu kafin sanyi ya shigo. Tun daga lokacin babu wanda ya sake yanka kwana a gangaren nan.

Abin da na koya shi ne, duk ranar da wani ya taso daga nesa yana roƙon abin da ka yar, to ya san wani abu da kai ba ka sani ba. Kada kunyar baƙo ta hana ka tambaya, kuma ka yi tambayar tun kafin bakinka ya ce ka sallama.