Farawular Gwaggo

Jiya a kasuwar Balad ta Jidda na wuce mai sayar da farawula, 'ya'yan nan jajaye masu ɗigo-ɗigo, sai ƙanshinsu ya dawo mini da gwaggona.

Muna haya a unguwar Waziriyya ta ce sai ta shuka farawula. Matan gidan suka yi dariya, wai zafin Jidda ko ƙarfe bai bari ba. Mai gidan kuma ya ce kada ta kuskura ta tona masa tsakar gida.

Ba ta tona ba. Ta tsinto katakon akwatuna, ina riƙewa tana buga ƙusa, har muka haɗa babban akwati da ya kai gwiwa. Muka cika shi da ƙasa da kashin awaki. Ruwan famfo ta ce da gishiri, sai ta kafa roba tana tarar wanda ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki.

Da mai gidan ya dawo ya ce a kwashe, ta miƙe da guduma a hannu.

"Ya Hajja, ai na hana."

"Tono ka hana, ɗan nan. Wannan ƙasar a kaina na ɗauko ta. Taɓa ka gani."

Ya ce halas, wato shi ke nan, ya fita.

Da sanyi ya shigo, shukar ta yi 'ya'ya ƙanana, tsami kamar tsamiya. Gwaggo ta bi masu dariyar ɗaki-ɗaki, ta sa wa kowacce ɗaya a baki, ta tsaya sai an haɗiye.

Allah ya jiƙan ki, Gwaggo, ya ba ki lambun da babu mai cewa ki kwashe.